Labarin Robert Owen, Attajirin Da Ya Sayi Gari Domin Zaman Gandu

 Labarin da za mu kawo muku yau na wani Bature ne mai suna Robert Owen, wanda ya mutu tun shekarar 1858. Attajiri ne, zare da auduga suka yi masa arziki, sa'an nan ya kwashi mafi yawan dukiyarsa ya zuba cikin wani al'amari, watau ya tara ɗaruruwan mutane waɗanda ba dangin juna ba a gari ɗaya su yi zaman gandu, aikinsu ɗaya, rumbunsu ɗaya. Garin da ya saya domin wannan nufi, waɗansu mutane sun riga shi yin irin wannan zama a cikinsa shekara goma, suka yi arziki. Shi kuwa nasa zaman bai cika shekara uku ba ya watse. Gidajen su ne dai, gonakin su ne, kogin ma shi ne. Mai hankali zai so ya san inda bambancin yake.

An haifi Owen ran 14 ga watan Mayu, 1771, a wani ƙaramin gari mai suna Newtown cikin ƙasar Wales, wadda ke yamma da Ingila. Ubansa mai ɗinkin sirdi ne, yana kuma sayar da kayan ƙarfe. Yaron bai daɗe a makaranta ba. Yana da shekara goma ya bar gida, aka ba da shi ga wani mai kantin yadi a garin Stamford domin ya koyi ciniki. Ubangidan nasa yana da littattafai da yawa, yaro kuwa mai son karatu ne, duk sa'ad da ya sami sarari sai ya duƙufa a kansu. Bisa ga abin da shi da kansa ya rubuta da tsufansa, tun a wannan lokaci ya fara shakkar addinai, domin ya ga kowace ɗariƙa ta Kirista tana cewa ita ce mai gaskiya, sai ya ɗauka kowane mutum yana bin abin da ya tarar a gidansu ne kurum. Wannan tunani na ƙuruciya bai rabu da shi ba har kabari.

Daga Stamford ya yi Landan, sa'an nan ya koma Mancesta, wadda a zamanin nan ita ce uwar kasuwar zare, domin sababbin injunan kaɗi sun fito, inji ɗaya yana yin aikin mata masu yawa. Ya ranci fam 100 daga wurin wansa ya shiga ƙirar irin waɗannan injuna. Bai daɗe da wuce shekara ashirin ba wani attajiri mai suna Peter Drinkwater ya danƙa masa ma'aikatar kaɗi mai ma'aikata 500, yana biyansa fam 300 a shekara. Ya kyautata zaren har sunansa ya fita cikin 'yan kasuwa.

A shekarar 1799 shi da abokan cinikinsa suka sayi ma'aikatar New Lanark a ƙasar Sikotland kan fam 60,000, daga hannun wani attajirin Gilasgo mai suna David Dale, wanda kuma a shekarar nan ya aurar masa da 'yarsa Caroline. Ma'aikatar tana bakin kogin Clyde, ƙarfin ruwa ke juya injunanta. Ran 1 ga Janairu, 1800, Owen ya karɓi ragamarta. Mutanen ƙauyen sun kai wajen 2,000, cikinsu akwai yara marayu da 'ya'yan matalauta kimanin 500 da aka kwaso daga birane, waɗansunsu ba su wuce shekara shida ba, suna aiki tun asuba har dare.

Owen ya daina karɓo irin waɗannan yara, ya hana sa yaro aiki kafin ya cika shekara goma. Ya gyara gidaje, ya sa ana share tituna, ya tsananta kan shan giya. Ya buɗe kanti yana saro kaya masu kyau da yawa yana sayar wa ma'aikata da araha, ribar da ta ragu ta tafi makaranta. Maimakon bulala, sai ya rataye wa kowane ma'aikaci ɗan katako mai fuska huɗu a wurin aikinsa: baƙi alamar mugun aiki, shuɗi tsaka-tsaki, rawaya mai kyau, fari kuwa mafi kyau. Kowace rana mai lura ya juya fuskar da ta dace da aikin jiya, kowa na gani. Da fari mutane ba su amince da shi ba, don baƙo ne. Amma sa'ad da aka sami saɓani da Amurka auduga ta yi tsada ƙwarai, ya tsai da injuna wata huɗu, ya ci gaba da biyan kowa cikakken albashinsa. Daga nan zukata suka koma gare shi. A shekarar 1816 ya buɗe babbar makaranta, har da sashen ƙananan yara waɗanda ba su daɗe da fara tafiya ba, aka hana dukansu. Duk da wannan ɗawainiya ma'aikatar tana cin riba mai yawa. Baƙi suka yi ta zuwa kallo daga ƙasashe, har da Nicholas, wanda daga baya ya zama sarkin Rasha.

To, a nan ya kamata mai karatu ya lura da abu ɗaya. A New Lanark ba a nemi kowa ya yarda da abin da Owen ya yarda da shi ba. Shi ne maigida, shi ke biyan albashi, shi ke da ikon kora. Kowane iyali na da ɗakinsa da tukunyarsa da wurin ibadarsa. Abin da ya ɗaure mutane a wurin shi ne abinci da adalcin mai ba da shi. Amma Owen ya ɗauki nasarar nan shaida ce ga aƙidarsa.

Aƙidar kuwa ya bayyana ta cikin littafin da ya fara bugawa a shekarar 1813. Taƙaicenta shi ne, mutum ba shi ke yin halinsa ba, wurin da ya tashi da tarbiyyar da ya samu su ke yi masa. Hausawa suna da magana biyu a kan wannan: sun ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, sun kuma ce hali zanen dutse. Owen ya riƙe ta fari da hannu biyu, ya yar da ta biyu sarai. Saboda haka a wurinsa ba wanda ya cancanci zargi ko yabo, ba horo ba lada, kuma duk taron da aka zuba cikin kyakkyawan tsari zai gyaru da kansa, ko su wane ne.

Da yaƙin Ingila da Faransa ya ƙare a shekarar 1815, aka sallami sojoji, ciniki ya faɗi, marasa aiki suka cika birane. A shekarar 1817 Owen ya kawo shawara a gina ƙauyuka, kowane ɗaya ya ɗauki mutum wajen 1,200 da gonakinsa, gidaje a jere kusurwa huɗu, a tsakiya ɗakin girki ɗaya da wurin cin abinci ɗaya da makaranta. Manya da yawa suka saurare shi. Sai ran 21 ga Agusta na shekarar nan ya miƙe gaban babban taro a Landan ya ce addinan da ake koya wa mutane su ne suka hana duniya gyaruwa. Tun daga wannan rana limaman Kirista da yawancin masu mulki suka fara ja da baya. Abokan cinikinsa na New Lanark ma, waɗanda cikinsu akwai Kiristoci masu tsananin riƙo, suka matsa masa a kan abin da ake koyarwa a makaranta. Ya ga Ingila ta yi masa ƙunci, sai hankalinsa ya koma Amurka.

A can kuwa akwai wani Bajamushe mai suna George Rapp, wanda aka haifa a shekarar 1757. Masaƙi ne kuma manomi, ya saɓa da limaman ƙasarsu, ya yi ƙaura zuwa Amurka a shekarar 1803, ɗaruruwan mabiyansa suka biyo shi. A shekarar 1805 suka rubuta alkawari, kowa ya miƙa dukan abin da ya mallaka ga jama'a, jama'a kuma ta ɗauki cinsa da suturarsa da jiyyarsa. Sun yarda cewa dawowar Almasihu ta yi kusa ƙwarai, don haka tara dukiyar kai ba ta da amfani. Harshensu ɗaya, asalinsu ɗaya, shugabansu ɗaya, gare shi kowa ke kai laifinsa. A shekarar 1814 suka koma jihar Indiyana, bakin kogin Wabash, suka sare daji suka kafa gari, mutum wajen 800. Cikin shekara goma suka gina gidaje da masaƙu da injunan niƙa, suka dasa gonakin 'ya'yan itace, kayansu na bin kogi har birnin New Orleans. Har littafin da aka rubuta abin da kowa ya kawo sun ƙone shi a shekarar 1818, don kada wani ya tuna nasa ya fi na wani. Daga baya zazzaɓi da nisan kasuwa suka sa suka yi niyyar komawa jihar Pennsylvania, suka sa garin kasuwa.

Owen ya saya a watan Janairu, 1825, gari sukutum da ƙasa kimanin eka 20,000, kan kuɗi fiye da dala 100,000. Shi ne garin da aka sani da New Harmony, watau sabon zaman jituwa. Ya tafi Washintan ya yi jawabi sau biyu a zauren majalisar ƙasa, manyan gwamnati suna zaune, ya kira duk mai son sabuwar rayuwa ya zo. Cikin 'yan makonni mutum fiye da 800 suka cika garin. Bai tace kowa ba, domin aƙidarsa ta ce ba a bukatar tacewa. Wariya ɗaya aka rubuta cikin dokar farko, ita ce ta baƙar fata, waɗanda aka ce ana iya karɓarsu 'yan taimako amma ba cikakkun 'yan jama'a ba. Ku dubi inda daidaitawar tasa ta tsaya.

Waɗanda suka zo iri-iri ne. Akwai masu gaskiya da suka yarda da shi, akwai manoman daji masu riƙon addini, akwai waɗanda ba su yarda da kowane addini ba, akwai malalata da suka ji labarin abinci kyauta, akwai kuma mazambata. Magina da maƙera da masaƙa suka yi ƙaranci, injunan da Jamusawa suka bari ba isassun masu juya su. Ɗakuna suka kasa. Dabbobi suka shiga lambuna suka yi ɓarna, don ba wanda ya ɗauki gyaran shinge aikinsa ne. Owen kuwa ya bar ɗansa William, saurayi, ya riƙe garin, shi ya koma Ingila wata da watanni.

Ya komo a watan Janairu, 1826. A lokacin nan kuma wani jirgin ruwa ya iso da masana da malaman makaranta, babbansu wani attajiri masanin duwatsu mai suna William Maclure. Maimakon Owen ya bi a hankali kamar yadda ya shirya da fari, sai a watan Fabrairu aka kafa sabuwar doka ta cikakkiyar daidaitawa: abinci ɗaya, sutura ɗaya, rabo ɗaya, ko mutum ya yi aiki da yawa ko kaɗan. Mai ƙwazo ya duba ya ga rabonsa daidai da na mai kwana a inuwa, sai hannunsa ya yi sanyi. Masu ilmi kuma ba su saje da leburori ba. Wani basarake Bajamushe da ya ziyarci garin a shekarar nan ya ba da labarin wata budurwa 'yar birni da aka tayar tana cikin kaɗa molon Turawa aka ce lokacin tatsar shanu ya yi, ta tafi kamar za ta yi kuka.

Nan da nan jama'a ta fara tsagewa. Manoma masu riƙon addini suka ware suka kafa unguwarsu, don ba su iya zama ƙarƙashin ra'ayin Owen. Manoma 'yan Ingila su ma suka ware. Ran 4 ga Yuli, 1826, ranar da Amurka ta cika shekara 50 da samun mulkin kai, Owen ya yi jawabi ya lissafa abu uku da ya ce su ne masifar 'yan Adam: mallakar dukiya ta kai, da addinan da ya kira na rashin hankali, da auren da aka gina bisa waɗannan biyu. Jaridu suka yayata maganar, sunan garin ya ɓaci a waje, a ciki kuma rabuwa ta ƙaru. Aka yi ta taro ana gardama, aka sake dokar gari har wajen sau bakwai cikin shekara biyu. Owen da Maclure suka yi rigima a kan kuɗi. A shekarar 1827 zaman ya watse, Owen ya bar garin, ya yi hasarar wajen fam 40,000, watau kusan kashi huɗu cikin biyar na dukiyarsa.

Kada mai karatu ya ce Owen ba shi da aƙida. Yana da ita, ya riƙe ta kam, ya sayar da dukiyarsa da mutuncinsa dominta. Amma shi kaɗai ke ɗauke da ita, shi da 'yan kaɗan. Mutanen Rapp sun yarda da abu ɗaya tun kafin su haɗa tukunya, sun sha wuya tare dominsa, saboda haka wanda ya tashi da asuba zuwa gona ya san dalilin tashinsa, ba sai an tsare shi ba. Mutanen Owen kuwa tukunya aka fara haɗa musu, ana sa rai yarda za ta biyo baya. Ya sami tsintsiya bai sami maɗauri ba. Har wa yau aƙidar tasa ita ta ɗaure masa hannu: tun da ya ce ba mai laifi, da me zai tsawata wa malalaci? Wani masani Ba'amurke mai suna Richard Sosis, a shekarar 2000, ya bi tarihin irin waɗannan jama'o'i 200 da aka kafa a Amurka cikin ƙarni na 19, ya tarar waɗanda aka kafa bisa addini sun fi sauran daɗewa nesa ba kusa ba.

Amma fa igiyar da ta ɗaure kaya ita ce kan shaƙe wuya. Mutanen Rapp tun shekarar 1807 suka bar aure da haihuwa, suna jiran ƙarshen zamani. Wani mai da'awa ya zo daga Jamus, a shekarar 1832 ya janye kusan sulusinsu, yawanci masu son aure. Rapp ya mutu a shekarar 1847, abin da yake jira bai zo ba. Jama'arsa ta ci gaba da tara dukiya, amma ba 'ya'ya, tsofaffi suka yi ta ƙarewa ɗaya ɗaya, har aka rushe ƙungiyar a shekarar 1905. Ƙarfin riƙo ya ba su shekara ɗari, amma bai mai da abin da suka riƙa gaskiya ba.

Owen bai karaya ba, bai kuma taɓa yarda cewa aƙidarsa na da aibi ba. A ganinsa mutanen ne ba su riga sun shirya ba. Ya rabu da New Lanark, ya zauna Landan. A shekarar 1832 ya buɗe wata kasuwa inda ake kimanta kaya da sa'o'in aikin da aka yi musu, a ba mai kaya takarda mai adadin sa'o'i ya sayi na wani. Fatake sun san ƙarshen irin wannan: kaya masu kyau suka fice, marasa masaya suka taru, aka rufe a shekarar 1834. Almajiransa suka sake gwada zaman gandu a Queenwood cikin Ingila daga 1839, bashi ya cinye shi a 1845. Da ya haura shekara tamanin, mutumin da ya yi zamaninsa yana musun addinai sai ga shi ya gaskata masu da'awar kiran ruhin matattu, yana cewa yana zance da manyan da suka shuɗe. Ya koma garin haihuwarsa, ya mutu a can ran 17 ga Nuwamba, 1858, yana da shekara 87.

Duk da haka wahalarsa ba ta tafi banza ba. Ƙoƙarinsa na cikin abin da ya jawo dokar 1819 wadda ta hana sa yaro ɗan ƙasa da shekara tara aiki a ma'aikatun auduga na Ingila. 'Ya'yansa sun zauna Amurka sun zama manya, ɗaya ɗan majalisa, wani masanin duwatsu. A shekarar 1844 kuma mutum 28 a garin Rochdale, masaƙa da masu sana'a, da yawansu almajiransa ne, suka tara fam 28 suka buɗe ɗan kanti na garin alkama da man shanu da sukari. Sharuɗansu kaɗan ne, kowa ya gane su: ciniki hannu da hannu ba bashi, mudu da sikeli na gaskiya, kowane ɗan ƙungiya ƙuri'arsa ɗaya, riba kuma a raba gwargwadon sayayyar mutum. Kowa ya kwana gidansa da ra'ayinsa. Daga wannan kanti ƙungiyoyin gama kai suka ɗauki tsarinsu suka bazu cikin duniya.

Irin wannan hanya ce kuma mutanen Denmak suka bi da suka farfaɗo da zaman tare. A shekarar 1972 iyali 27 suka tare a wata unguwa mai suna Sættedammen da suka shirya da kansu. Kowane iyali da gidansa da aljihunsa, sai babban ɗaki ɗaya na jama'a inda ake haɗuwa a ci abinci tare a waɗansu ranaku, a yi shawara. Ba su nemi kowa ya miƙa dukiyarsa ko ya bar abin da ya yarda da shi ba. Irin waɗannan unguwanni sun yaɗu zuwa Amurka da Ingila da waɗansu ƙasashe.

Abin da za mu ɗauka cikin wannan labari, ya 'yan'uwa, shi ne gwargwadon abin da mutane suka yarda da shi tare, gwargwadon abin da za su iya haɗawa ke nan. Waɗanda suka daidaita a kan mudu da riba kurum, su haɗa kanti. Waɗanda suka daidaita a kan haƙƙin maƙwabtaka, su haɗa unguwa. Amma rumbu ɗaya da tukunya ɗaya sai waɗanda zukatansu suka riga suka haɗu, su ma sai sun duba abin da suka haɗu a kansa ko zai bar musu baya. An ce zo mu zauna, zo mu saɓa. Duk wanda zai tara mutane, ko don ciniki ko don zama, ya fara tambayar abin da za a koma gare shi ranar da aka saɓa, tun kafin a aza tubali. Owen yana da kuɗi da ƙasa da kyakkyawar niyya, wannan tambaya ce kaɗai bai yi ba.

Allah ya sa mu dace. Tamat.